Saukowa ce ke gwada takalmi: Abin da ya kamata masu hawan duwatsun Nasarawa su sani

Matafiyin da ya baro Abuja da asuba ya bi ta Mararaba da Keffi, da zarar ya wuce Akwanga ya miƙi hanyar Lafiya, sai duwatsun Eggon su bayyana a gabansa, wani na bin wani, kore shar da damina, ruwan toka da rani. Shekara da shekaru ma'aikatan da ke zirga-zirga tsakanin babban birnin tarayya da babban birnin Jihar Nasarawa ta gilashin mota kawai suke hangen su. Yanzu abin ya fara sauyawa. Al'adar hawan dutse a ƙarshen mako, wadda ta samu karɓuwa a Abuja a wurare irin su Mpape da Ushafa da Dawaki, ta sa wasu na neman inda ya fi tsawo da nisa. Mafi kusa da su kuwa su ne duwatsun Eggon da kuma magangarar Farin Ruwa a Ƙaramar Hukumar Wamba, wadda ake ƙiyasta tsawonta ya kai mita 150, wato ta ɗara ta Victoria da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutumin da ya kwashe kwana biyar yana zaune a ofis da takalmi sau-ciki, idan ya tashi ranar Asabar zai hau dutse, tambayar farko da za ta tare shi ita ce abin da zai sa a ƙafa. Amsar da ya bayar ita ce za ta nuna ko zai koma aiki ranar Litinin da ƙafarsa ko da sanda. Kuɗin ma ba ƙarami ba ne: sabon takalmin hawan dutse na kamfanin da ya yi suna zai iya zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wanda ya saya bai dace ba ya yi asara biyu, ta aljihu da ta lafiya.

Nauyin ƙafa ya fi na baya tsada

Dalilin da ya sa ake neman takalmi mara nauyi a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tafiya cikin taɓo. Kayan da ke baya suna tafiya ne tare da jiki, amma abin da ke ƙafa sai an ɗaga shi, an jefa shi gaba, an tsayar da shi, a kowane taku. Tafiyar kilomita 10 kuwa ta haura taku 13,000.

Masana sun daɗe da auna wannan. A 1969, wasu masu bincike biyu, Soule da Goldman, na cibiyar binciken lafiya ta sojojin Amurka da ke Natick, sun gwada ƙarfin da jiki ke ƙonawa idan aka ɗora kaya a ka, ko a hannu, ko a ƙafa. Sun gano cewa nauyin da aka ɗaura a ƙafa ya fi kowanne cin ƙarfi nesa ba kusa ba. Daga wannan bincike da waɗanda suka biyo bayansa aka samu ƙa'idar da masu hawan dutse ke aiki da ita: kilo ɗaya a ƙafa daidai yake da wajen kilo biyar a baya. A fagen tsere ma an auna cewa ƙarin giram 100 a kowane takalmi na ƙara iskar da mai gudu ke buƙata da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari.

Lissafin ba shi da wuya. But na fata mai dogon wuya kan kai giram 800 kowace ƙafa, takalmin gudun daji kuwa wajen giram 350. Bambancin ƙafa biyun giram 900 ke nan. Idan aka ninka shi sau biyar, mai sanye da but ɗin tamkar ya goya ƙarin lita huɗu da rabi ne na ruwa, ruwan da ba zai sha ba. A zafin Lafiya na watannin Maris da Afrilu, wannan kaya ne da ke iya karya mutum tun kafin ya kai tsakiyar dutse.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kowa ya nemi takalmin da ya fi kowanne rashin nauyi a kasuwa. Abin da ya hana haka shi ne duk wanda ya hau, sai ya sauko.

Darasi daga ƙasashen ƙanƙara

Babu waɗanda suka fi shan muhawara kan wannan batu kamar masu zamiya a kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Turai. Akwai rukuni daga cikinsu da ba ya hawa keken igiya zuwa ƙololuwa. Da ƙafa suke hawa, allunan zamiyar na ɗaure a takalmansu, sun manna wa ƙasan allunan wani ƙyalle mai gashi da ke hana su komawa baya. In sun kai sama sai su cire ƙyallen su gangaro. Wasan ya bunƙasa har an sanya nau'insa na tsere cikin Gasar Olamfik ta hunturu ta 2026 a Italiya.

Matsalarsu ita ce allon da ya dace da hawa bai cika dacewa da gangarowa ba. Siriri mara nauyi, wanda bai wuce kilo ɗaya ba, yana kai mutum sama da sauran ƙarfinsa, amma in an gangaro da gudu a kan ƙanƙara mai tauri sai ya riƙa karkarwa yana ƙwacewa. Mai faɗi da kauri, wanda ke kusantar kilo biyu, yana kwantawa lafiya a gangara, amma kafin a kai shi sama ya tsotse cinya. Don haka ƙwararrunsu kan shawarci mai saye ya fara tambayar kansa irin gangarar da zai bi da kuma iyakar gwanintarsa, sannan ya ɗauki mafi sauƙin allon da zai iya wannan gangarar.

Ƙa'idar ta hau kan mai tafiya da ƙafa daidai. Wani bincike da masana a Jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya suka wallafa a 2017, bayan nazarin haɗurran shekara tara a tsaunukan ƙasar, ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na faɗuwar masu yawon dutse a lokacin saukowa suke aukuwa. Dalilan sanannu ne. A lokacin jiki ya riga ya gaji, hankali ya koma gida, naman cinya na aikin birki maimakon turawa, nauyin da ke sauka a kan gwiwa ya ƙaru, ƙafa kuma tana zamewa gaba cikin takalmi tana dukan hancinsa.

Direbobin hanyar Lafiya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan. Gangarar da ke tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon, wadda suka laƙaba wa suna Many Have Gone saboda rayukan da ta ci, ta yi ƙaurin suna ne wajen manyan motocin da birki ya ƙwace musu. Ƙasan takalmi shi ne birkin mai hawan dutse. Tarihin sana'ar ma daga nan ya faro: bayan da mutum shida suka rasa rayukansu a wani tsauni na Italiya a 1935, abin da aka danganta da rashin takalman da suka dace, abokinsu Vitale Bramani ya ƙera ƙasan takalmi na roba mai haƙora, wanda ya fito a 1937 da sunan Vibram. Har yau irin zanensa ake kwaikwayo.

Ƙasa iri uku, buƙata iri uku

Wanda ya tashi daga Lafiya zai iya cin karo da ƙasa iri uku, kowace da abin da take nema daga takalmi.

Ta farko ita ce ta duwatsun Eggon da makamantansu: falalen dutse mai tauri, da hanyoyin ƙafa da suka ratsa tsakanin manyan duwatsu. Busasshen dutse yana kama roba sosai. Haɗarin yana inda tsakuwa ko busasshen ganye ya kwanta a kan dutsen, musamman da hunturu, domin a nan ƙafa ke mirginawa kamar an taka gero a kan siminti. Wurin na son roba mai ɗan taushi da ke manne wa dutse, da haƙora masu zurfin milimita huɗu zuwa biyar, da diddige mai kaifin baki da zai ciji ƙasa a gangara.

Ta biyu ita ce ta Farin Ruwa, inda ruwan da ya taso daga tsaunukan Filato ke zubowa. Feshin ruwan kan jiƙa duwatsun da ke kusa, gansakuka kuma ta lulluɓe su. Babu robar da ke kama gansakuka yadda ya kamata, kome tsadarta, don haka dabarar taku da sanda sun fi takalmi muhimmanci a nan. Takalmin da ake tallatawa da cewa ruwa ba ya shigarsa ma yana da illa biyu a irin wannan wuri: idan ruwa ya shiga ta sama ba ya fita, a zafi kuma yana riƙe gumi, ƙafar da ta jiƙe kuwa ita ce ke saurin yin bororo. Mai raga-raga da ke jiƙewa nan da nan ya bushe nan da nan ya fi dacewa da yanayin ƙasar.

Ta uku ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ta miƙa kudu da gabashin Lafiya, wajen Doma da Keana da Awe, har zuwa kwarin Binuwai: gonaki, fadamu, doguwar ciyawa, da laka mai kama ƙafa da damina. Santsi ba shi ne babban abin tsoro a nan ba, maciji ne. Kwarin Binuwai na cikin yankunan da saran kububuwa ya fi yawa a Najeriya, kuma akasarin sara a ƙafa da idon sawu yake sauka. A irin wannan wuri takalmi mai dogon wuya da dogon wando mai kauri sun biya nauyinsu.

Abin da ke cikin kwabar ma'aikaci

Mafi yawan masu fara hawan dutse da abin da ke gida suke farawa. Na farko shi ne kambas ɗin motsa jiki. Ba shi da nauyi, yana da daɗin taku, amma an yi shi ne don kwalta: ƙasansa kusan sumul yake, soso mai taushin da ke cikinsa kuma na sa ƙafa ta riƙa karkata a kan dutsen da ba daidai ba. Yana iya kai mutum ƙololuwa ya ci amanarsa a dawowa.

Na biyu shi ne but ɗin bautar ƙasa da wasu ke ajiye da shi tun daga sansanin Keffi ko wani sansanin, ko kuma na jami'an da ke sa kaki. Yana kare ƙafa daga ƙaya da kaifin dutse, kuma waɗanda suka taɓa zuwa horo a Dutsen Shere da ke Jos sun san yana jure wahala. Amma yana da nauyi da zafi, robarsa kan yi tauri, robar da ta yi tauri kuwa zamewa take a kan jiƙaƙƙen dutse. Dogon wuyansa kuma bai zama tabbacin kariya daga targaɗe ba. Abin da ya fi hana targaɗe shi ne ƙasan takalmi mai faɗi da ke kusa da ƙasa, da ƙarfin jijiyoyin idon sawu da ake samu ta yawan tafiya.

Tsakanin waɗannan biyu akwai takalmin gudun daji da kuma gajeren takalmin yawon dutse, masu nauyin giram 300 zuwa 450 kowace ƙafa. Ga mai tafiyar yini guda da ƙaramar jakar goyo a kan hanyar da mutane ke bi, nan ne amsar ta fi yawan faɗawa. Mai jiki sosai, da mai tsohon ciwon gwiwa ko idon sawu, da wanda zai goya kayan kwana, su matsa zuwa ɓangaren da ya fi ƙarfi ko da nauyi zai ƙaru.

Akwai wata hujja da masu son araha kan kawo. Za su ce ga matan ƙauye nan na saukowa daga dutse da kaya a ka da silifas a ƙafa, ga makiyaya da takalmin roba suna bin shanu duk inda suka shiga. Gaskiya ne, kuma al'ummar Eggon sun zauna a kan waɗannan duwatsu tun kafin zuwan Turawa, suna noma a gangarensu. Amma ƙafar da ta tashi a kan dutse ta san inda za ta taka tun kafin ido ya duba, fatarta ta yi kanta, jijiyoyinta sun ƙeƙashe. Gwanintar tana cikin ƙafar, kuma ba a sayar da ita tare da silifas ɗin. Haka ƙwararren mai zamiya ke gangarowa lafiya da siririn allon da zai kayar da ɗan koyo.

Gwaji a gaban mai kaya

Galibin takalman irin wannan a wajen 'yan gwanjo ake samun su, a kasuwar Lafiya ko ta Mararaba ko Wuse, kuma a nan ido da hannu sun fi sunan kamfani amfani, domin jabu ya yi yawa.

A fara da juya takalmin a dubi ƙasansa. Idan haƙoran diddige sun cinye, an wuce wurin, kome kyawun samansa. Sai a danna robar da farce: wadda ta ɗan nutse ta dawo tana da sauran rai, wadda ta yi tauri kamar katako ko take ƙyalli ta tsufa. Daga nan a riƙe hanci da diddige a murɗa kamar ana matse wanki. Wanda ya murɗu cikin sauƙi ba zai riƙe ƙafa a kan dutse ba. A lanƙwasa shi kuma a ga inda yake karyewa: a gindin yatsu ya kamata, ba a tsakiyar tafin ƙafa ba. A matsa bayan diddige da yatsa biyu a tabbatar yana da ƙarfi.

Akwai cuta guda da ta fi kama takalman da suka daɗe a ajiye. Wani nau'in soso da ake sawa tsakanin roba da tafin ƙafa yana shan danshin iska a hankali har ya ruɓe, ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Daga waje sabo fil, amma bayan tafiyar awa biyu sai ƙasan ya ɓare gaba ɗaya. Alamarsa ita ce ƙananan tsagu a gefe, ko danƙo, ko gari-gari da ke zuba in an kankara. Mai wannan alama ko kyauta aka bayar bai cancanci a hau dutse da shi ba.

Gwajin girma da yamma ake yin sa, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a sa ranar tafiya. A bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsan ƙafa da hancin takalmi. A ɗaure igiya sosai a nemi gangara ko matakala a sauko: idan yatsu na dukan gaba, a kan dutse farce zai yi baƙi ya fita. Idan diddige na ɗagawa a kowane taku, bororo na nan tafe. Safar auduga na riƙe gumi, ta ulu marar kauri ko ta zaren roba ta fi. Sabon takalmi kuma, ko na gwanjo ne, a yi mako biyu ana yawo da shi a unguwa kafin a kai shi dutse.

Nauyin da aka rage, ruwa ne gurbinsa

Amfanin rage nauyin ƙafa shi ne a samu sararin ɗaukar abin da ba a iya bari. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma tafiyar rabin yini a zafin Nasarawa na buƙatar lita biyu zuwa uku ga kowane mutum, tare da ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwan da ke mayar da abin da gumi ya fitar. Sai hula, da tocila, da bandeji mai naɗewa, da filasta, da waya mai caji. Sanda, ko ta kanti ko irin ta makiyaya, tana rage wa gwiwa aiki a gangara, tana kuma taɓa ciyawa kafin ƙafa ta shiga. Mai son rage kaya ya rage lasifika da tufafin ɗaukar hoto, kada ya taɓa ruwa.

Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a ɗaure wurin da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A kwantar da mutumin, a cire abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana ƙafar motsi, a garzaya asibiti, domin maganin dafi ne kaɗai ke warkarwa. Yana da kyau tun kafin a tashi a san asibiti mafi kusa da kuma tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a kai titi.

Matambayi ba ya ɓata. Waɗannan duwatsu suna da masu su, akwai gonaki a jikinsu, akwai kuma wuraren da al'umma ke girmamawa waɗanda baƙo ba ya shiga sai da izini. A fara da gaishe da mai gari, a nemi ɗan jagora daga mutanen wurin a biya shi haƙƙinsa, a kuma tambayi halin tsaro na makon, domin labarin watan jiya ba ya amfani a yau. A sanar da wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa. A tsayar da lokacin juyawa tun a gindin dutse, a kuma juya idan ya yi, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, saboda da damina hadari kan haɗu da yamma, jiƙaƙƙen dutse kuwa wani dutse ne daban da wanda aka hau da safe.

Ga ma'aikacin da ke tsaye a gaban mai gwanjo, takalmi biyu a hannu, ɗaya kamar takarda ɗaya kamar turmi, ma'aunin guda ne. Ya tuna da wuri mafi muni a hanyar da zai bi, ya ɗauka ya iso wurin da la'asar, a gajiye, yana gangarowa, ruwansa ya kusa ƙarewa. Mafi sauƙin takalmin da zai amince ya taka wannan wuri da shi, shi ne nasa. Wanda ya fi shi nauyi wahalar banza ce, wanda bai kai shi ƙarfi ba kuma caca ce da gwiwa. Hotunan ƙololuwa za su zagaya zauren WhatsApp na ofis tun daren Asabar, amma matakalar sakatariya ce ranar Litinin da safe za ta faɗi ko an iya zaɓe.